Idan Tsohuwa Ta Ce "Lafiya Lau"

Mutane da yawa sun ɗauka cewa da zarar an kawo tsoho asibiti, mu ma'aikatan jinya da likitoci za mu gane ko ana kula da shi a gida ko ana cutar da shi. Gani suke yi kamar yadda ake ɗibar jini a gano zazzaɓin cizon sauro, haka ma akwai wani awo da ke nuna an ci zarafin mutum. Na yi shekaru ina aikin jinya a yankin noman rani na Kura da Bunkure, kuma ana yawan kawo mini wannan buƙata, wani lokaci a wurin aiki, wani lokaci a gidan biki ko suna: "Sista, ke da kika sani, duba mini jikin Iya ki gaya mini gaskiya." Abin da nake so mu tattauna yau shi ne iyakar abin da hanyoyin ƙwararru ke iya ganowa. Maganar ba ƙarama ba ce, domin auren wata na iya mutuwa a kan amsar da muka bayar, wata tsohuwar kuma na iya komawa cikin wahalarta saboda mun ce ba mu ga komai ba.

Ga wanda bai san yankinmu ba, ruwan da muke noma da shi daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka kammala a 1974, aikin da aka fara a zamanin Gwamna Audu Bako. Daga can kanal ke ɗauko shi ya rarraba a gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Shi ya sa a nan babu lokacin da ake cewa an ajiye fartanya. Da damina shinkafa, da rani tumatir da albasa da alkama da masara. Samarin da suka ga lokacin da aka haƙa kanal, aka auna gonaki aka sake raba su, su ne yau dattawan da suka ba saba'in baya. Su da matansu ne muke gani a layin masu hawan jini da ciwon suga. Kuma da yawansu suna da abin da kowa ke so a wannan yanki: gona a bakin ruwa. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Idan aka ce cin zarafin tsofaffi, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne duka. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa shi gida biyar: duka da makamantansa, cutarwa ta baki da tsoratarwa, cin dukiya, rashin kulawa, da kuma lalata. Wani babban nazari da aka fitar a 2017, wanda ya tattara bincike 52 daga ƙasashe 28, ya nuna kusan mutum ɗaya cikin shida na 'yan shekara 60 zuwa sama da ke zaune a cikin jama'a ya gamu da ɗaya daga cikin waɗannan a shekara guda. Wanda ya fi yawa shi ne cutarwa ta baki, kashi 11.6 cikin 100, sai cin dukiya kashi 6.8, sai rashin kulawa kashi 4.2. Duka kashi 2.6 ne kawai. Wato mafi yawan abin da ke cin tsofaffi ba ya barin tabo a fata. Wani binciken da aka yi a jihar New York ta Amurka a 2011 kuma ya ƙiyasta cewa cikin kowane 24 da aka cutar, ɗaya ne labarinsa ke isa ga hukuma. Wannan fa a inda ake da ofis da lambar waya na musamman don kai ƙara ke nan.

Ganin haka ne ya sa masana suka tsara tambayoyin tantancewa, don likita ko nas su yi wa kowane tsoho a cikin 'yan mintuna. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara ita ce wadda ake kira EASI, wadda Dakta Mark Yaffe da abokan aikinsa na Jami'ar McGill da ke Kanada suka wallafa a 2008. Tambayoyi shida ne. Biyar ana yi wa tsoho: ko ya dogara da wani wajen wanka da sutura da abinci, ko an hana shi abinci ko magani ko ganin mutanen da yake so, ko wani ya yi masa maganar da ta muzanta shi ko ta razana shi, ko an tilasta masa sa hannu a takarda ko kashe kuɗinsa ba da son ransa ba, ko an taɓa jikinsa ta hanyar da ba ya so ko an ji masa ciwo. Ta shida likita ne ke amsa wa kansa: ko ya lura tsohon ba ya haɗa ido, ko ya takure, ko ya rame, ko akwai ƙazanta ko rauni a jikinsa.

Tambayoyi ne masu kyau, kuma waɗanda suka tsara su ba su ɓoye rauninsu ba. Da aka gwada su a kan tsofaffi masu cikakken hankali a birnin Montiriyal, aka kwatanta da doguwar hirar da ma'aikatan jin daɗin jama'a suka yi da waɗannan tsofaffin, sai aka ga cikin kowane 100 da ake cutarwa, 47 suke kamawa, 53 su wuce. Cikin kowane 100 da babu abin da ake yi musu kuwa, 25 sukan fito kamar ana cutar da su. Mu ɗan yi lissafi irin na kasuwa. A ce tsofaffi 600 ne suka zo, 100 daga ciki ana cutar da su. Tambayoyin za su nuna 47 daga waɗannan, sannan su nuna 125 daga sauran 500 ɗin da ke zaune lafiya. Cikin mutum 172 da aka yi wa alama, 47 ne kawai na gaskiya, wato ɗaya cikin huɗu da 'yar ɗoriya. Shi ya sa sunan da suka ba abin ma ke nufin ma'aunin zato. Haka kuma kwamitin ƙwararrun da ke ba likitocin Amurka shawara kan gwaje-gwajen rigakafi ya duba batun a 2013, ya sake dubawa a 2018, duk sau biyun ya ce hujjojin da ke hannu ba su isa a ce yi wa kowane tsoho irin wannan tantancewa na da amfani ko illa ba.

To idan a Kanada, inda aka haifi tambayoyin, rabi suke kamawa, yaya ke nan idan aka kawo su ɗakin duba marasa lafiya a ƙauyen Bunkure?

Matsala ta farko ita ce ɗan rakiya. Da wuya tsohuwa ta zo asibiti ita kaɗai. Ɗanta ne ya ɗauko ta a babur, shi ya yanki kati, shi zai sayi magani, shi zai mayar da ita. Kina tambayar ta, shi yake amsawa. Ko da mutumin kirki ne, kuma galibinsu mutanen kirki ne, ba za ta ce komai a gabansa ba. Idan kuwa shi ne mai cutar da ita, an tambayi akuya labarin kura a gaban kura.

Ta biyu ita ce kunya da kara. Macen da tun da ta haifi ɗanta na fari ba ta taɓa kiran sunansa ba, yau a ce ta buɗe baki ta kai ƙararsa wurin yarinyar da ba ta wuce sa'ar 'yarta ba? Tsofaffinmu sun tashi a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sannan akwai tsoron baki. Uwa ta san nauyin kalmarta a kan ɗanta, tana gudun kada ƙorafinta ya zama masa sanadin lalacewa, don haka sai ta haɗiye. Amsar da muka fi ji ita ce: "Lafiya lau, 'yar nan. Suna iya ƙoƙarinsu, Allah Ya yi musu albarka." Wadda ake riritawa haka take cewa, wadda ta kwana da yunwa ma haka take cewa, kuma da murya iri ɗaya.

Ta uku, su kansu alamomin ba su dace da mu ba. Rashin haɗa ido a can alama ce ta tsoro. A nan, dattijuwar da ta sunkuyar da kai a gaban likita namiji tarbiyyarta ce take nunawa. Batun sa hannu a takarda kuwa, gona na iya shiga jingina ko haya da baki da shaidu biyu, mai ita ba ta taɓa biro ba. Katin cirar kuɗi ma ita da kanta ta miƙa wa jikanta tare da lambar sirri, musamman tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da tsofaffi ba su iya turmutsutsun banki da layin masu POS. Idan kika tambaye ta ko an ci kuɗinta ba da son ranta ba, sai ta ce: "Ai abin da na mallaka nasu ne." Hukumar Lafiya ta Duniya ta san da wannan giɓi. Ta taɓa kai tambayoyin EASI ƙasashe takwas don a ji ko sun dace da al'adunsu, amma a cikin takwas ɗin Kenya ce kaɗai daga Afirka.

Akwai wata dattijuwa da ta riƙa zuwa wurinmu saboda hawan jini. Mijinta ya rasu, ta sami tumunin takaba a gonarsa ta bakin kanal. Kullum ɗanta ne ke kawo ta, da tsabtarta, mayafinta a goge, babu rauni ko ɗaya a jikinta. Duk tambayar da aka yi mata, lafiya lau. Sai dai jininta ya ƙi sauka, wata uku ana rubuta magani babu canji. A zuwanta na huɗu na ce wa ɗan nata ya jira a waje zan duba ta a bayan labule, abin da muke yi wa kowace mace. Ina ɗaura mata abin awo sai ta yi ƙasa da murya ta ce:

"'Yar nan, wai nawa ne kuɗin ƙwayar nan ta wata guda?"

Na faɗa mata. Ta yi shiru, sannan ta ce: "Ashe bai kai kuɗin kwandon tumatir ɗaya ba."

Daga nan magana ta fito a hankali. Ana sayo mata na kwana biyar, a ce sauran sai an sami kuɗi. Gonar tata kuwa tana hannun wani a jingina shekara biyu ke nan, labari ta ji a bakin maƙwabciya. Da ta gama sai ta riƙe hannuna ta ce: "Don Allah kada ki nuna masa na faɗa. Ɗana ne."

Babu ɗaya daga cikin tambayoyi shida da ta fito da wannan a ranar farko. Abin da ya fito da shi shi ne lambar awon jini da ta ƙi sauka, da zuwa huɗu da suka sa ta saba da fuskata, da labulen da ya raba ta da ɗan rakiya. Abin da aka yi daga baya ma ba na asibiti ba ne. Da izininta aka sanar da ƙanenta, shi ya tara 'ya'yan, aka tsayar da cewa kuɗin magani zai riƙa fita daga wani wuri sananne duk wata. Maganar gona tana nan ana ja, amma jininta ya sauka.

Yanzu mu koma kan jiki, inda mutane suka fi yarda da mu. A Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, Dakta Laura Mosqueda da tawagarta sun bi tsofaffi 101 suna duba fatarsu kullum har tsawon makonni, suka wallafa sakamakon a 2005. Sun gano kusan kashi 90 cikin 100 na kwanciyar jinin da ke faruwa ta tsautsayi a hannuwa da ƙafafu take. Ba su sami ko ɗaya a wuya ko kunne ko mazaunai ko tafin ƙafa ba. Sun kuma rushe wani abu da aka daɗe ana koyarwa, cewa launin tabo na nuna kwanakinsa: wasu tabban sun yi rawaya tun a ranar farko. A 2009 wani binciken na jami'ar ya nuna cewa tsofaffin da aka daka sun fi samun tabo mai faɗin da ya wuce santimita 5, a fuska ko gefen hannu ko gadon baya. Wannan ilimi ne mai amfani, ina aiki da shi. Idan na ga rauni a kunne ko a wuya ko a baya, hankalina ba ya kwanciya.

Amma duk wannan ya dogara ne a kan ganin launi, ja da shuɗi da rawaya. A kan baƙar fata irin tamu, a ɗakin da babu wutar lantarki sai hasken taga, jini na iya kwanciya ido bai gani ba. Sai an shafa an ji kumburi ko ɗumi, ko an ga mutum ya zabura. Su ma masanan sun san haka. Dakta Katherine Scafide ta Jami'ar George Mason ta nuna a 2020 cewa wata fitila mai haske na musamman, idan aka haɗa da tabarau mai launin rawaya, ta fi fitilar yau da kullum fito da irin wannan tabo a fata kala-kala. Mu a nan fitilar waya muke haskawa.

A ɗaya ɓangaren kuma, jikin tsoho na iya nuna abin da ya yi kama da duka alhali babu wanda ya taɓa shi da mugunta. Fatar tsufa siririya ce, riƙo kaɗan sai ta yage. Mai shan asfirin ko maganin tsinka jini yana samun tabo daga ɗan gogar bakin gado. Ƙahon wanzami na barin zagayen shati a baya, tsaga da lalas ma suna barin nasu. Da hunturu mai ciwon suga kan ƙone ƙafa a kaskon wuta bai ji ba, domin jijiyoyin ƙafar sun mutu. Gyambon kwanciya na iya fitowa ga wanda ɓarin jikinsa ya shanye ko da ana juya shi. Rama na iya zama yunwa, tana iya zama rashin haƙora ko tarin fuka ko suga.

Sai kuma gigin tsufa, wanda shi ne ya fi rikita komai. Wadda ƙwaƙwalwarta ta fara taɓuwa za ta ci tuwo ta manta, ta ce wa baƙi kwana biyu ba a ba ta abinci ba. Za ta ɓoye kuɗi a ƙarƙashin katifa ta ce matar ɗanta ta sace. Kuma ita ce dai ta fi kowa shiga haɗarin a cutar da ita da gaske, domin an san ba za a yarda da maganarta ba, a wasu gidajen ma har a jefe ta da maita. Tambayoyin EASI kuwa a kan masu cikakken hankali aka gwada su. Wato waɗanda suka fi buƙatar ma'aunin su ne bai auna ba.

Na ga yadda wannan ke raba gida. Wata mata ta zo daga birni duba mahaifiyarta mai gigin tsufa, ta tarar da shati a bayanta da tabo a damtsenta. Ta ɗauki hoto a waya ta tura wa dangi, kafin la'asar an yanke wa matar yayanta hukunci. Suka kawo tsohuwar, 'yar tana huci.

"Sista, takarda nake so ki rubuta cewa dukanta aka yi."

Na ce: "Hajiya, abin da na gani zan rubuta, da girmansa da inda yake. Wanda ya yi da yadda aka yi, fata ba ta faɗa."

Na duba. Shatin bayan zagaye ne guda shida a jere, kowanne da 'yan tsage a tsakiya. Da aka tambaya, an yi mata ƙaho kwana huɗu da suka wuce. Tabon damtse kuwa a hannu biyu yake, daidai inda ake riƙewa a ɗaga mutum daga tabarma. Matar ɗan tana tsaye a bakin ƙofa da goyo, ba ta ce uffan ba. Shekara uku ita ke wanke tsohuwar, ita ke kwashe kashi da fitsari, ga turarar shinkafa da take yi don cefane. Ban ce ba ta taɓa yi wa tsohuwar tsawa ba, wanda ya yi jinyar mai gigin tsufa ya san inda haƙuri ke ƙarewa. Na dai nuna musu yadda ake ɗaga mutum da zani a maimakon jan hannu, na kuma tambayi 'yar ko kwana nawa za ta iya karɓar jinyar a wata. Nan ɗakin ya yi tsit.

Akwai kuma nau'in da babu mugu a cikinsa, amma tsoho ke shan wahalarsa. Lokacin yankan shinkafa ko tsinkar tumatir, gida kan watse tun asuba. Maza suna gona ko sun bi kaya kasuwar Kwanar Gafan, mata suna wurin turara da shanya, yara an tura su kai abinci. Tsohon da ba ya iya tashi sai a ajiye masa kofin koko a ja ƙofa, wani lokaci har da kwaɗo don kada ya fita ya faɗa kanal. A irin waɗannan makonni muke ganin waɗanda ruwan jikinsu ya ƙare, da waɗanda suka yini cikin fitsari har fata ta saɓule. A takardar masana sunan wannan rashin kulawa. Idan ka faɗa wa mai gidan haka zai yi rantsuwa cewa don tsohon yake wannan wahala, kuma bai yi ƙarya ba. Tumatir ba ya jira. Amma fatar tsoho ma ba ta jira.

Kada a fahimce ni cewa hanyoyin ƙwararru aikin banza ne. Amfaninsu shi ne suna tuna wa ma'aikaci ya yi tambaya, domin a layin mutum tamanin abu ne mai sauƙi a auna jini a rubuta magani a ce na gaba. Tsohuwar da aka tambaya yau ta ce lafiya lau ta san cewa akwai inda ake tambaya, wata rana za ta iya dawowa da amsa. Abin da ba su iya yi shi ne yanke hukunci, ko na wankewa ko na kamawa. In an lura, abin da masanan suka auna tambayoyinsu da shi, suka ɗauke shi a matsayin mafi kusa da gaskiya, shi ne zama a yi doguwar hira da tsoho. Lokaci ke nan, da keɓewa, da sabo.

Waɗannan ukun kuwa dangi da maƙwabta sun fi mu su. Ni minti goma nake da shi. Maƙwabciyar da ke jin abin da ake faɗa ta bayan katanga, da jikar da ke kwana ɗaki ɗaya da kakarta, da abokan masallacin da suka lura Malam ya daina fitowa sallar asuba, da mai kemis da ya san ana sayen maganin kwana biyar a maimakon talatin, duk sun riga ni sani. A 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton hirarrakin da aka yi da tsofaffi a ƙasashe takwas, kuma abin da suka fi kuka da shi shi ne wulaƙanci da rashin girmamawa. Wannan babu fitilar da ke haska shi, sai wanda ke zaune a gidan.

Ko an gano ma, sai a yi ina? A matakin ƙasa an yi motsi. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a farkon 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, shekarar da aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. Asibitin Koyarwa na Ibadan na da cibiyar kula da lafiyar tsofaffi tun 2012. Kowace ranar 15 ga Yuni kuma Majalisar Ɗinkin Duniya na tunatar da duniya wannan batu. Amma ga tsohuwar da ke ƙauyen Kura, waɗanda hannunsu ke isa gare ta su ne babban wa ko ƙane, da liman, da mai unguwa da dagaci, da Hisba, sai kotu idan magana ta kai ga gona da gado. Kuma dole a yi taka-tsantsan, domin wanda ake tuhuma sau da yawa shi ne mai ciyar da ita. Idan aka tona shi a bainar jama'a aka watse, ita za a bari da shi a gida. Shi ya sa nake fara tambayar ta: me kike so a yi, kuma wa kika yarda a gaya wa? In dai hankalinta na nan kuma ranta ba ya cikin haɗari, maganarta ce gaba.

Ga 'yan'uwana ma'aikatan lafiya, roƙona shi ne mu mayar da keɓewa da tsoho al'ada ga kowa, don kada ɗan rakiya ya ga kamar shi ake zargi. Mu duba baya da kunne da ƙarƙashin zani, mu shafa da hannu, mu rubuta abin da muka gani da awonsa da kwanan wata. Mu sauya salon tambaya. Maimakon "Ana cutar da ke?", a ce "Iya, me kika ci jiya da dare? Wa ya kawo miki? Wa ke noma gonarki bana? Maganin nan saura ƙwaya nawa?" Irin waɗannan ba sa buƙatar ta kai ƙarar kowa, amma amsarsu na nuna hanya.

Ga masu karatu kuma, musamman mu da aiki ko aure ya kai mu nesa da iyaye, kiran waya da tura kuɗi ba sa nuna halin da ake ciki. Idan kin je gida ki kwana a ɗakinta. Ki yi mata wanka da hannunki, ki ƙirga ƙwayoyin maganinta, ki san a hannun wa katinta da gonarta suke. Idan kin ga tabo ki tambaya kafin ki ɗauki hoto. Ki kuma dubi mai jinyar, ki tambaye ta rabonta da barci mai kyau, ki karɓe ta ko na mako guda ne, musamman lokacin girbi. Idan kuma ke maƙwabciya ce kina jin abin da ba daidai ba, ki sami babba a dangin ki faɗa masa a asirce, kada ki jira asibiti ta gano, domin wataƙila ba za ta gano ba.

Allah Ya ba masu jinya haƙuri da lada, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.